Cibiyar Penn ta Tsibirin Saint Helena

Cibiyar Penn tsohuwar makaranta ce a tsibirin Saint Helena, jihar Karolina ta Kudu a Amurka. Yankin na al'ummar Gullah ne, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma don noman shinkafa da auduga. An buɗe ta a 1862 don koyar da 'yantattun bayi, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, bayan sojojin Arewa sun kama mashigin ruwan Port Royal da ke kusa a Nuwamban 1861, masu bayi suka tsere suka bar gonakinsu. Laura Towne da Ellen Murray ne suka kafa ta, sai Charlotte Forten, baƙar fata daga Filadelfiya, ta zo ta taya su koyarwa. Ba da jimawa ba aji ya koma Brick Church, cocin da bayi suka gina da hannunsu a 1855.

Daga 1901 makarantar ta karkata ga sana'a: noma, kafinta, ƙira da saƙar kwando. An daina karatu a 1948, wurin ya zama cibiyar hidimar jama'a. A shekarun 1960 Martin Luther King da abokan gwagwarmayarsa sukan keɓe a can su yi shawara, domin wuraren da baƙi da farare za su iya kwana tare a Kudu ba su da yawa.

Ɗaya daga cikin ayyukan cibiyar shi ne kare filayen Gullah. Kakannin Gullah sun sayi filaye bayan 'yanci, amma da yawa sun rasu ba wasiyya, gona ta zama gadon da ba a raba ba, a hannun jikoki barkatai. Da zarar ɗaya ya sayar da kasonsa, mai saye na iya zuwa kotu ya nemi a yi gwanjon filin gaba ɗaya. Haka, tare da hauhawar haraji, ya cinye filayen Gullah da dama a tsibirin Hilton Head da ke kusa, bayan an gina gada zuwa can a 1956. Saint Helena ta tsira da dama-dama: a 1999 ƙaramar hukumar Beaufort ta hana gina filin wasan golf da rukunin gidaje masu shinge a tsibirin.

Shugaban Saliyo na lokacin, Joseph Momoh, ya ziyarci cibiyar a 1988. A Janairun 2017 Barack Obama ya sa Brick Church da zauren Darrah na cibiyar cikin wuraren tarihi na ƙasa.