Ma'aunin Katolika a kan halayen jaruman fim

Ma'aunin Katolika a kan halayen jaruman fim hanya ce da malaman cocin Katolika da masu sharhi ke bi wajen tantance ko abin da mutanen cikin labari suka aikata daidai ne ko zunubi. Tasirinsa ya fi ƙarfi a Amurka daga 1930 zuwa wajejen 1965.

Tushe

A koyarwar cocin, kamar yadda Katekizim na 1992, wato littafin koyarwar cocin, ya tattara ta, abu uku ake dubawa: aikin kansa, niyyar mai yin sa, da halin da yake ciki. Kyakkyawar niyya ba ta wanke mummunan aiki. Don haka jarumin da ya kashe mugu don ɗaukar fansa bai kuɓuta ba, komai tafin da 'yan kallo suka yi masa. Wanda ya yi kisa yana kare ransa kuwa hukuncinsa daban, bisa bayanin da malamin cocin Toma Akwinas ya yi tun ƙarni na 13, cewa kare kai ya nufa, ba kisan ba.

Tarihi

Wani ɗan jarida, Martin Quigley, da wani fada mai suna Daniel Lord ne suka rubuta ƙa'idojin da kamfanonin Holiwud suka amince da su a 1930. Ƙa'idojin ba su hana nuna ɓarna gaba ɗaya ba. Abin da suka hana shi ne fim ya ja zuciyar mai kallo zuwa ɓangaren mai laifi. Da fari kamfanoni ba su ɗauke su da muhimmanci ba. A ƙarshen 1933 ko farkon 1934 bishop-bishop na Amurka suka kafa ƙungiyar Legion of Decency, mabiya suka riƙa yin alƙawari a coci cewa za su ƙaurace wa finafinan da aka haramta. A Filadelfiya ma Kadinal Dougherty ya hana mabiyansa shiga sinima kwata-kwata.

Tsoron asarar kuɗi ya sa Holiwud ta miƙa wuya. A 1934 aka naɗa Joseph Breen, wanda shi ma Katolika ne, shugaban ofishin tace finafinai na kamfanonin Holiwud, ya riƙe shi, in ban da ɗan hutu, har 1954. Sharaɗinsa shi ne mai laifi ya girbi abin da ya shuka kafin fim ya ƙare: mazinaci ya tuba ko ya wulaƙanta, ɗan fashi ya mutu ko ya shiga hannu. Marubuta da dama sun koyi liƙa horon a mintunan ƙarshe kawai don fim ya wuce. A 1936 Fafaroma Pius na 11 ya yaba wa ƙungiyar Legion of Decency cikin wasiƙarsa Vigilanti Cura. Finafinai kashi uku ƙungiyar ta kasa su: A ba matsala, B akwai gyara, C haramtacce.

Saɓani

Masu suka sun kira tsarin danne 'yancin faɗar albarkacin baki, magoya baya kuma suka ce kare tarbiyya ne. A 1952 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa fim yana cikin abubuwan da wannan 'yanci ya kare.

Bayan haka

An sauya wa ƙungiyar Legion of Decency suna a 1965, Holiwud kuma ta koma tsarin kasa finafinai bisa shekarun mai kallo a 1968.