Uwe Krupp

Uwe Krupp tsohon ɗan wasan hokin ƙanƙara ne ɗan ƙasar Jamus, mai tsaron baya, daga baya kuma ya zama koci. An haife shi ranar 24 ga Yuni 1965 a birnin Kolon da ke bakin kogin Rayin. Shi ne Bajamushe na farko da ya ɗaga kofin Stanley, babban kofin gasar NHL ta Amurka da Kanada, kuma ba a benci ya ci kofin ba, shi da kansa ya zura ƙwallon da ta kawo shi a 1996. Dogo ne sosai, tsayinsa ya kai santimita 198, ga jiki, irin mutanen nan da in sun tsaya a gaban raga sai ɗan gaba ya sake tunani.

Ga wanda bai saba da wasan ba, kowane ɓangare mutum shida ne a kan ƙanƙara: gola ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku, kowa da takalmi mai ƙarfe a ƙasa da sanda a hannu, ana bin wani ɗan faifan baƙar roba mai tauri wanda shi ne ƙwallon. Zango uku ake yi, kowane minti 20. Aikin ɗan baya shi ne ya tare hanya, ya share gaban golansa, ya sa jikinsa gaban faifan da aka bugo da ƙarfi, in kuma 'yan wasansu sun kai hari ya tsaya a shuɗin layi, wato layin da ke bakin yankin abokan hamayya, yana jiran a dawo masa da faifan ya ɗirka daga nesa. Wannan tsayuwa a shuɗin layi ita ce ta sa sunan Krupp ya shiga tarihi.

Daga Kolon zuwa Buffalo

A kulob ɗin garinsu ya taso, wato Kölner EC da ake wa laƙabi da Haie, ma'ana kifayen shak, ya ci kofin Jamus da su sau biyu, 1984 da 1986. A 1983 kulob ɗin Buffalo Sabres ya zaɓe shi a zaɓen matasan 'yan wasa na NHL, lokacin Scotty Bowman ne ke riƙe da kulob ɗin, amma fa can ƙasa aka ɗauke shi, na 214, lambar da yawanci mai ita ba ya taɓa buga ko wasa ɗaya a gasar balle ya yi suna. A wancan zamanin in ana maganar 'yan Turai a NHL, Suwidin da Finland ake kallo, ba wanda ke tunanin Jamus. Ya tsallaka a 1986, ya yi ta kai da kawo tsakanin Buffalo da ƙaramin kulob ɗinsu Rochester Americans, inda ya ci kofin Calder na ƙaramar gasar da ke ƙasa da NHL a 1987, daga nan ya samu gurbi na dindindin.

Akwai wata ƙwallo da ya ci a Buffalo da mutanen Pittsburgh ba su manta ba. A wasan ƙarshe na kakar 1989 zuwa 1990 ya ci Pittsburgh Penguins a ƙarin lokaci, abin da ya hana su shiga wasannin neman kofi, sai dai faɗuwar ta zo musu da alheri don a zaɓen shekarar suka samu lamba ta biyar suka ɗauki Jaromir Jagr, wanda daga baya ya zama babban tauraro. A 1991 aka gayyace shi wasan taurarin gasar, a watan Oktoba na shekarar kuma Buffalo ta haɗa shi da Pierre Turgeon da wasu ta miƙa wa New York Islanders don ta karɓo Pat LaFontaine. Yana cikin Islanders ɗin da suka fitar da Pittsburgh mai riƙe da kofi a 1993. A 1994 aka sake musayarsa zuwa Quebec Nordiques, shekara ɗaya bayan nan kulob ɗin ya tattara ya koma birnin Denver ya zama Colorado Avalanche.

Kakar 1995 zuwa 1996

Nan ne zuciyar labarin. A wasan farko na sabon kulob ɗin, da Detroit, a watan Oktoba 1995, gwiwarsa ta samu mummunan rauni, jijiya ta tsinke, aka yi masa tiyata, kusan duk kakar yana jinya yana kallon abokansa daga waje, wasa shida kacal ya buga kafin a shiga wasannin neman kofi. Mutum mai irin nauyinsa, a wasan da duk juyi da birki a kan gwiwa suke, ya dawo cikin wata shida ya shiga wasanni mafi zafi na shekara, gaskiya wannan kaɗai ya isa a jinjina masa ko da bai ci komai ba.

Colorado ta kai fainal ta haɗu da Florida Panthers, waɗanda magoya bayansu a shekarar suka shahara da jefa ɓerayen roba cikin fili duk lokacin da ƙungiyarsu ta ci ƙwallo. Wanda ya fara cin wasa huɗu shi ke da kofi, Colorado ta ci uku a jere, aka zo na huɗu a Miami ranar 10 ga Yuni 1996. Minti 60 suka ƙare babu ci. A irin wannan mataki ba a bugun fenareti, ƙarin minti 20 ake yi a kuma ƙara har sai wani ya ci, wanda ya fara ci shi ke nan an tashi. Ƙari na farko ya wuce, na biyu ya wuce, Patrick Roy a ragar Colorado da John Vanbiesbrouck a ta Florida kowa ya ƙi bari, 'yan wasa ƙafafu sun yi nauyi, dare ya raba. Minti 4 da daƙiƙa 31 da shiga ƙari na uku faifan ya zo wa Krupp a kusa da shuɗin layi ta dama, ya ɗaga sanda ya ɗirka, faifan ya ratsa ta cikin mutane ya faɗa raga. 1 da 0. Roy ya tare bugu 63 a daren, amma hoton da ya rage shi ne na dogon Bajamushen da abokansa suka rufe shi. Kafin shi, ɗan bayan da ya ci ƙwallon ɗaukar kofi a ƙarin lokaci shi ne Bobby Orr a 1970.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗi haka ba. Ya buga wa Jamus a Olamfik na Nagano a 1998, a shekarar kuma ya sa hannu da Detroit Red Wings na shekara huɗu kan dala miliyan 16.4, sai ciwon baya ya kwantar da shi, aka kuma shiga taƙaddama kan albashi don kulob ɗin ya ce yana tseren karnuka masu jan keken ƙanƙara alhali yana jinya. Kaka biyu cur bai buga ba. Ya dawo a 2001 zuwa 2002, Detroit ta ci kofi amma wasanninsa ba su kai a rubuta sunansa a jikin kofin ba. Ya ƙarasa da wasa huɗu a Atlanta Thrashers ya ajiye sanda. Jimilla wasa 729 a NHL, ƙwallo 69, maki 281, wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci.

Aikin koci

A ƙarshen 2005 aka ba shi ƙungiyar ƙasar Jamus, lokacin ta faɗo daga rukunin manya na gasar duniya, ya dawo da ita a 2006. Shekararsa mafi kyau ita ce 2010 da Jamus ta karɓi baƙuncin gasar: wasan buɗewa a filin ƙwallon ƙafa na Schalke da ke Gelsenkirchen aka yi shi, gaban mutum 77,803, Jamus ta doke Amurka 2 da 1 a ƙarin lokaci, ta fitar da Suwizalan a kwata fainal, Rasha ta tsayar da ita da ƙyar 2 da 1, ta ƙare ta huɗu, golanta Dennis Endras ya zama gwarzon gasar. A ganina wannan aikin bai gaza ƙwallon Miami ba, don ƙungiyar ba ta da manyan taurari, tsari ne da tsaron baya irin nasa suka kai ta can.

Daga 2011 ya koma kulob. Ya kai Kolon fainal a 2013 da 2014, ya kai Eisbären Berlin a 2018, duka uku kofin ya kuɓuce, biyu daga ciki sai a wasa na bakwai. Ya horar da Sparta Prague a ƙasar Cek, ya sake dawowa Kolon daga 2020 zuwa 2024. A 2017 hukumar hokin ƙanƙara ta duniya IIHF ta sa shi cikin jerin gwarazanta, a bikin da aka yi a garinsu Kolon.

Bayansa sai da aka jira shekara 15 kafin wani Bajamushe ya ɗaga kofin Stanley, Dennis Seidenberg da Boston a 2011, shi ma ɗan baya, sannan Tom Kühnhackl da Pittsburgh a 2016 da 2017. Ɗansa Björn Krupp, wanda aka haifa a Buffalo a 1991, ya gaji matsayin uban na tsaron baya, yana cikin 'yan wasan Jamus da suka ci lambar azurfa a Olamfik na 2018 a Koriya ta Kudu.