Sankarar babban hanji: me takardar gwajin tsoka take faɗa?

Bayan tiyata a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja, akan miƙa wa dangi takarda mai haruffa irin su pT3 N1. Ga abin da 'yan uwanmu na Agege da Mile 12 suka fi tambaya.

An riga an cire ƙarin, me kuma ake nema?

Ido ba ya gane iyakar ɓarnar. Likitan gwaji kan yanka tsokar siriri, ya rina ta, ya duba da madubin likita. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan ciwon daga shimfiɗar cikin hanji yake tasowa. Don Allah, 'yan uwa, kada a karɓi abin da aka yanke a binne kafin a gwada shi. A kan sakamakonsa ake tsara duk maganin da zai biyo baya.

Mece ce ma'anar T, N da M?

Ƙaramin p da ke farkon haruffan na nufin sakamakon gwajin tsoka ne. T na nuna zurfin da ciwon ya ci a bangon hanji: T1 ya tsaya ƙarƙashin shimfiɗa, T2 ya shiga tsokar bango, T3 ya ƙetare ta, T4 ya huda rufin waje ko ya kama wata gaɓa. N yawan kaluluwar da ciwon ya kama ne: 1 zuwa 3 N1, 4 zuwa sama N2. M1 kuwa na nufin ciwon ya bazu ya yi nisa, galibi zuwa hanta ko huhu. Muddin ya taɓa kaluluwa, an shiga mataki na 3. In ya yi nisa, na 4. Wasu takardun har yanzu suna rubuta A, B, C, tsarin da likitan gwaji Cuthbert Dukes ya kawo a Landan a 1932.

Ƙarin Baba ƙarami ne, ke nan da sauƙi?

Ba lallai ba. Zurfi ake aunawa, ba girma ba.

An ce mataki na 2 ne, me ya sa likita ke maganar kemo?

Nan ne madubin ya fi amfani. Likita na duba ko ƙwayoyin sun rikiɗe har sun daina kama da na hanji, ko sun kutsa cikin hanyoyin jini da na ruwan kaluluwa, ko sun bi jikin jijiya, ko sun kai bakin inda aka yanka. Ana kuma son a samu kaluluwa aƙalla 12 a bincika. In ba su kai ba, "babu komai" bai cika gamsarwa ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan na iya sa a ba da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, kuma a ganina duk mai jinya ya kamata ya tambayi adadin nan da bakinsa.

Ya shafi 'ya'yansa?

Yana iya shafa. A nemi gwajin MMR a kan tsokar, wato gwajin sinadaran da ke gyara kurakuran ƙwayoyin halitta, domin yakan tona nau'in gado da ake kira Lynch. Duk ɗan gidan da ke ganin jini a bayan gida kuma, kada ya tsaya kan maganin basir, ya je a leƙa hanjinsa da kyamara.