Na'urorin koyon kimiyya da lissafi a jihar Katsina

Na'urorin koyo na zamani sun haɗa da kwamfuta, wayar hannu, majigi da manhajojin darasi. Amfaninsu ya fi fitowa a kimiyya da lissafi, inda alli da allo ba sa iya nuna abu yana motsi. A manhajar PhET, wadda Carl Wieman ya ƙirƙiro a Jami'ar Colorado ta Amurka a 2002, ɗalibi kan haɗa batir da waya da ƙwan fitila a fuskar kwamfuta. In ya ƙara batir haske ya ƙaru, in ya tsinke waya ƙwai ya mutu. GeoGebra kuwa ta lissafi ce: a ja kusurwar alwatika, ta faɗaɗa ko ta tsuke, amma jimillar kusurwoyin uku na nan a digiri 180.

A Katsina, jarabawa ce ta fara tilasta wa ɗalibai kama kwamfuta, tun da JAMB ta koma yin jarabawarta da kwamfuta zalla a 2015. Rufe makarantu saboda korona a 2020 ya kai darasi rediyo da WhatsApp. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, dandalin karatu na intanet mai darussa har da na Hausa.

Sai dai rabon bai zo daidai ba. Ɗalibin birnin Katsina ko Daura yana kusa da cibiyar kwamfuta da shagon caji, na ƙauye kuwa sau da yawa wayar yayansa yake ara, ga tsadar data. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, abin da ya tsayar da duk karatun da ya dogara da intanet a can har tsawon watanni.

Na'ura kaɗai ba ta koyarwa. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare dubban ɗaruruwan kwamfutoci, amma bincike bai ga makinsu na lissafi ya tashi ba. A birnin Delhi na Indiya kuwa an ga ci gaba da manhajar Mindspark, wadda ke ba kowane yaro tambayoyi daidai matakinsa, da malami a gefe. Haka kuma a jarabawar WAEC da NECO ta aiki a ɗakin gwaji, da hannu ɗalibin kimiyya ke ɗiga asid har ruwa ya sauya launi, don haka makarantar da ba ta da ɗakin gwaji tana nan da giɓinta ko da tana da kwamfuta.