Waiwaye: Yadda aikin jin daɗin jama'a ya zama na kowa da kowa

Tun da aka sa hannu kan dokar kafa majalisar kula da sana'ar jin daɗin jama'a a ƙarshen 2022 ake ta ka-ce-na-ce kan wanda ya cancanci a kira shi jami'in walwala. Masu digiri na cewa duk wanda bai yi karatun ba ya cire hannunsa. Tsofaffin ma'aikatan ƙananan hukumomi kuwa, irin na yankin Gumel ko Birnin Kudu, na cewa tun kafin a haifi masu takardar suke sasanta aure da nemo dangin yaran da suka ɓata. Mai sauraro sai ya zaci jiya aka soma rigimar, alhali ta kai shekara hamsin tana tsimuwa.

Farkon labarin sananne ne. A Legas aikin ya soma a sigarsa ta boko, da dokar yara da matasa ta 1943, Arewa kuma ta samu irinta a 1958. A karkarar Kano dai maraya da bazawara suna hannun dangi, mai unguwa, dagaci da liman, zakka na toshe abin da ya rage.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne tsakanin 1974 da 1976. Doka mai lamba 12 ta 1974 ta zo da abin da aka kira ci gaban jama'a, daga nan aka riƙa lissafa aikin walwala a jaka ɗaya da ayyukan gayya, harkar matasa da wasanni. Niyya mai kyau ce, an so aikin ya faɗaɗa. Sai gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya biyo baya, ya rufe babin En'e, ya kai ofis kusa da talaka. Ofis ya iso, amma ba wani ma'auni da ya biyo shi. Ba rajista, ba ƙa'idar riƙe sirri da ke hawa kan kowa, ba majalisar da za ta karɓe lasisin wanda ya ci amana, kamar yadda ake yi wa ma'aikaciyar jinya ko ungozoma. Ƙungiyar ma'aikatan da aka kafa a 1975 ƙungiya ce kawai, ba ta da ikon hana kowa zama kan kujerar. Mutumin da ya shirya gasar ƙwallo da safe shi zai saurari kukan matar da aka saka da la'asar.

A gari kamar namu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don kowa ya san kowa. Mace ta hau babur daga ƙauye da goyo, ta zauna kan benci ta zayyana yadda tsohon miji ya daina ciyar da 'ya'ya. Ƙofa a buɗe, masinja na jin komai, mai rubutawa wataƙila surukin mijin ne. Ya ce mata, “Hajiya, ki yi haƙuri, a koma gida a sasanta.” Kafin ranar kasuwa labarin ya kai kunnen kishiya. Ba lallai mugunta ce ba. Ba wanda ya taɓa koya masa cewa zumunci irin wannan dalili ne na miƙa maganar ga wani.

Abin da ya biyo baya ya ƙara faɗin giɓin ne. An ciri Jigawa daga Kano a 1991, yau tana da ƙananan hukumomi 27, Kano na da 44. Makarantar koyon wannan aiki da ke Rano ta yaye mutane da dama, sai dai kujeru sun fi ƙwararru saurin yawaita. Sannan ga masu tallafi da waya a hannu, suna ɗora hoton maraya a Facebook ba tare da sun tambayi uwarsa ba. Dokokin kare yara na Jigawa a 2021 da na Kano a 2023 sun ɗora wa ma'aikatan ƙarin nauyi.

Shi ya sa nake ganin korar tsofaffin hannu ba za ta magance komai ba a karkara, inda su kaɗai ne ake da su. A horar da su, a yi musu rajista, a rubuta ƙa'idar aikin da Hausa a manna a bangon ofis, tare da bayanin inda mace za ta kai ƙara idan sirrinta ya fita.