Waiwaye: Yadda Kwalbar Zuwa-zuwa Ta Zama Ma'aunin Farashin Mai a Arewacin Kamaru

Tun daga watan Fabrairun 2024, lokacin da litar fetur a gidajen mai na Kamaru ta koma sefa 840, ta gazuwal (dizal) kuma sefa 828, muhawarar tsadar mai ba ta lafa ba a majalisun hira na Garwa da Marwa da Gaundare da Kusiri. Wasu sun tsaya a kan cewa ƙarin da aka yi har sau biyu cikin wata goma sha biyu shi ne tushen wahalar, wasu kuma suna cewa mutumin Arewa, da ya saba da zuwa-zuwa, wato man Najeriya da ake shigo da shi ta ɓarauniyar hanya a sayar a kwalba, bai taɓa kula da farashin gidan mai ba sai da aka janye tallafi a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, sai dai dukansu daga jiya suke fara lissafi, alhali igiyar da ta ɗaure mu yau an fara tufka ta ne kusan shekara arba'in da suka wuce.

Farkon labarin sananne ne. Kamaru ta fara haƙo ɗanyen mai a 1977 a gaɓar teku ta Rio del Rey, aka buɗe matatar Limbe a 1981, wadda aka gina ta domin tace mai marar kauri, saboda haka akasarin abin da take tacewa daga waje ake sayo shi. Duk wannan a can Kudu yake. Layin dogo ya iso Gaundare a 1974, a nan kuma ya tsaya har yau, don haka litar da za a sha a Kusiri sai ta yi tafiyar fiye da kilomita 1500 daga Duwala, wani ɓangare a jirgin ƙasa, sauran a tankokin mota da ke gangara dutsen Gaundare su ratsa Garwa da Marwa da Mora. Akwai tsarin daidaita kuɗin dako domin kada na nesa ya biya ninkin abin da na kusa yake biya, amma tsarin bai rage tsawon hanya ba, bai kuma hana tanki maƙalewa a laka da damina ba.

Shekarar da ba a cika ambata ba a wannan muhawara ita ce 1986, kuma a ganina duk wanda ya tsallake ta ba zai fahimci abin da ya same mu a 2023 ba. Abubuwa uku ne suka haɗu a cikinta. Iyakokin Najeriya na ƙasa, waɗanda aka rufe tun Afrilun 1984, an sake buɗe su a watan Maris. Farashin ɗanyen mai a kasuwar duniya ya faɗi da fiye da rabi, abin da ya taɓa aljihun ƙasashen biyu a lokaci guda. Sannan a watan Satumba aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwar canji, kuɗin da a 1985 ya fi dalar Amurka daraja ya wayi gari sai an haɗa wajen naira huɗu kafin a sami dala ɗaya, daga nan kuma gangara ya ci gaba da yi har ya kai wajen naira 22 a 1993 a farashin hukuma.

Ita kuwa sefa tana nan daram a inda take, sefa 50 a kan faran ɗaya na Faransa, darajar da ba a taɓa ba tun 1948. Ƙasashen biyu sun fuskanci talauci iri ɗaya amma suka bi hanyoyi mabambanta. A gefen Najeriya an bar kuɗi ya karye aka riƙe farashin mai a ƙasa, domin litar fetur tana kwabo 39 da rabi a 1986, kuma har zuwa 1991 kwabo 70 kawai ta kai. A wannan gefen an riƙe darajar kuɗi, baitulmalin da ya shiga matsi tun 1987 kuma ya ƙara dogara da harajin da ke cikin kowace litar mai. Idan aka juya kwabo 70 na 1991 zuwa kuɗinmu bisa canjin lokacin, bai kai sefa 30 ba. Mutumin da ke riƙe da jaka guda ta sefa, wato sefa 1000, a garin Gidar na Kamaru, in ya tsallaka Mubi, sai ya ga kansa attajiri a gaban famfon mai. Babu shingen da zai iya tare irin wannan tazara, musamman a iyakar da ta raba dangi ɗaya gida biyu, masu cin kasuwa ɗaya suna auratayya tun kafin zuwan Jamusawa.

Haka zuwa-zuwa ta samo asali a matsayin sana'ar jama'a, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya suke kira bumburutu. Fataucin mai ta ɓarauniyar hanya ya girmi 1986, amma kafin lokacin ɗan abin da ba a rasa ba ne. Bayan wannan shekara ne jarkoki suka fara kwarara ta kowace kafa: daga Yola zuwa Garwa a kwale-kwale ta Kogin Binuwai idan ruwa ya kawo, daga Mubi zuwa Gidar ta cikin duwatsu, daga Banki zuwa Amcide da Mora, daga Gamboru zuwa Fotokol har Kusiri. Kekuna da babura aka riƙa yi wa lodin da ya fi nauyin mai tuƙin, kuma a kowace kusurwa ta gari sai ga tebur da kwalabe jere da mazurari da ɗan ƙyallen tacewa.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan a matsayin mararraba shi ne abin da aka gina a kansa daga baya. Rikicin tattalin arziki ya kori mutane da yawa daga aiki, a 1993 aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, ɗaliban da suka gama makaranta kuma suka tarar an rufe ƙofar ɗaukar aiki. Babur daga Najeriya yana da araha saboda karyewar naira, man da zai sha ya fi shi araha, sai acaɓa ta zama mafakar matasa a Marwa da Garwa da Gaundare tun kafin ta mamaye Duwala. Mai lambun albasa a gefen Marwa da Mora ya ajiye jigo ya sayi injin ban ruwa. Injin niƙa ya shiga ƙauyukan da a da sai turmi da dutse. Mai walda da mai sayar da ruwan sanyi suka sayi janareta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya yi lissafin jarinsa da ribarsa ne a kan farashin kwalba, watau farashin da ake yankewa a wata ƙasa, da wani kuɗi, saboda dalilan siyasar cikin gida da ba mu da ƙuri'a a cikinsu.

Ɗaya gefen lamarin, wanda ba a cika gani ba saboda rashi ne, shi ne gidajen man da ba a gina ba. Ɗan kasuwa ba zai zuba miliyoyi ya haƙa rumbu ya kafa famfo a garin da yaro mai tebur yake sayar da lita a rabin farashinsa ba. Gidajen man da ke akwai suka koma dogara da motocin ma'aikatu da manyan motocin dako masu shan gazuwal, garuruwa masu yawan jama'a kuma suka girma ba tare da famfo ko ɗaya ba. Adadin man da ake turowa Arewa ta halastacciyar hanya ya daidaita da wannan ƙaramar bukata, ba da ainihin abin da jama'a suke sha ba. An sha kama jarkoki, an sha ƙona su, amma kowa ya san cewa da za a tsayar da zuwa-zuwa cak na mako guda, da gari ma ya tsaya. Ga wanda ke neman mai laifi guda ɗaya a nan, zai sha wuya, domin mai saye da mai sayarwa da mai kallo duk sun ci moriyar arahar, kuma abin da ya daɗe yana biyan bukata ba a cika tambayar ranar ƙarewarsa ba.

Karya darajar sefa da aka yi a Janairun 1994, inda faran ɗaya ya koma sefa 100, tare da ƙarin da ya kai litar Najeriya naira 11 a wannan shekarar, sun rage tazarar na ɗan lokaci. Ba su kashe sana'ar ba, domin naira ta ci gaba da zamewa, kuma hanyoyi da dillalai da masu canji sun riga sun kafu.

Daga nan labarin ya rabu biyu, Kudu da nata, Arewa da nata. A Fabrairun 2008 yajin aikin direbobi kan ƙarin kuɗin mai ya rikiɗe ya zama tarzoma a Duwala da Yawunde da wasu garuruwa, aka yi asarar rayuka, abin da ya sa aka daskarar da farashi na tsawon shekaru, fetur a sefa 569. An ɗaga shi zuwa 650 a Yulin 2014, aka sauke zuwa 630 a farkon 2016, ya zauna a haka shekara bakwai. Arewa kuwa girgizarta daga gabas ko kudu ba ta zuwa, daga yamma take zuwa. A Janairun 2012, da aka gwada janye tallafi a Najeriya lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141 kafin a dawo da ita 97, kwalba ta yi tashin gwauron zabo a nan cikin kwanaki kaɗan. Daga 2014 rikicin Boko Haram ya toshe Banki da Gamboru, aka taƙaita zirga-zirgar babura a garuruwan iyaka. A 2019 Najeriya ta sake rufe iyakokinta a watan Agusta, a Nuwamba kuma ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Kowanne daga cikin waɗannan gargaɗi ne, amma da yake kowanne ya wuce, sai aka ɗauke shi kamar hazon hunturu.

A wannan shekara ta 2019, ranar 31 ga Mayu, gobara ta tsayar da matatar Limbe, ƙasar ta koma sayo tataccen mai gaba ɗaya daga waje da kuɗin ƙetare. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 gangar ɗanyen mai ta haura dala 120, kuɗin riƙe farashi a 630 ya zarce sefa biliyan 1000 a shekara guda bisa alƙaluman hukuma. Ranar 1 ga Fabrairun 2023 fetur ya koma 730, gazuwal ya tashi daga 575 zuwa 720, aka bar kananzir a 350. Mutanen Arewa da dama sun ji labarin ne a rediyo suka ci gaba da sayen kwalbarsu. Bayan wata huɗu lita a Najeriya ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kwalba ta kusan ninkawa, jama'a suka ruga gidajen man da tun asali ba a tanade su domin ɗaukar kowa ba, sai ga layin babura da ba a saba gani ba.

Akwai wani lissafi da yake nuna cewa darasin 1986 yana nan da ransa. Kafin Mayun 2023 jaka guda ta sefa tana sayen wajen naira 1200 a hannun 'yan canji, litar Najeriya kuma tana kamawa kimanin sefa 160 kafin a ɗora kuɗin dako. Bayan janye tallafi ta haura sefa 400. Amma da naira ta sake faɗuwa a farkon 2024, jakar nan ta koma sayen fiye da naira 2000, sai litar da ta fi naira 600 ta dawo ƙasa da sefa 300, daidai lokacin da famfonmu ya koma 840. Watau ko babu tallafin da aka sani, canjin kuɗi kaɗai ya isa ya sake buɗe tazarar, kuma ya isa ya rufe ta a wata guda. Mutanen Kusiri suna da ƙofa ta uku, wato gadar Ngeli zuwa Njamena, tunda Cadi tana da matatarta a Jarmaya tun 2011, sai dai can ma an ɗaga fetur daga sefa 518 zuwa 730 a Fabrairun 2024. Abin ban takaici, ɗanyen man Doba na Cadi ta ƙarƙashin ƙasarmu yake wucewa cikin bututu zuwa gaɓar teku a Kribi tun 2003, ko ɗigo ba ya tsayawa.

Yadda jama'a suke fama da lamarin ma yana bin sawun wannan tarihi. Ƙarin albashin da ya biyo bayan ƙarin farashi, kashi 5.2 cikin ɗari a 2023 da kashi 5 a 2024, ma'aikacin gwamnati ya shafa, alhali mafi yawan masu shan mai a nan ba su da albashi. Ɗan acaɓa yanzu rabin kwalba yake saye, ya ɗauki fasinja biyu a kujera ɗaya, ya kashe inji a gangara. Masu lambu suna haɗa kuɗi su yi ban ruwa da inji ɗaya bi da bi, wanda ya sami hali kuma ya koma famfon sola, duk da cewa kuɗin sayensa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi in ba bashi ya samu ba. Tsada ta kuma ƙara yawan algus, inda ake gauraya fetur da kananzir mai araha, mai babur ya biya bambancin a wurin makaniki. Wasu suna tara jarkoki a ɗakin kwana idan suka ji ƙishin-ƙishin za a yi ƙari, abin da ya sha jawo gobara a unguwanni masu cunkoso, musamman a watannin zafi na Maris da Afrilu. Kuma duk shekarar da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, kamar yadda aka gani a 2021, janaretocin masu walda da masu niƙa suna komawa kan teburin nan na bakin titi, inda mai kwalba yakan tambayi canjin naira na safiyar ranar kafin ya faɗi kuɗin lita.