Waiwaye: Yadda aka gano ƙurar birni ba iri ɗaya ba ce

A watan Disamban 1952, hazo mai gauraye da hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan har kwana biyar. Da farko an ce mutum 4,000 ne suka rasu, daga baya bincike ya kai adadin zuwa kusan 12,000. A wancan zamani, in za a auna gurɓatar iska, sai a zuƙo ta ta ratsa farar takarda, a duba irin baƙin da takardar ta yi, ko a auna nauyin abin da ya maƙale. Ko ƙa'idar da Amurka ta kafa a 1971 jimillar nauyi ta duba, aka yi wa manyan ƙwayoyi da ƙanana kuɗin goro.

A shekarun 1970 ne Kenneth Whitby na Jami'ar Minnesota da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayoyin ƙura rukuni-rukuni suke, kowane da tushensa. Akwai na'urar da ke tankaɗe iska hawa-hawa, kamar an jera rariya daga mai manyan ido zuwa mai ƙanana, sai a kwashi abin da ya tsaya a kowane hawa a binciki sinadaransa.

Manyan, waɗanda faɗinsu ya haura maikiromita 2.5 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), galibi ƙasa ce da aka niƙe: silikon, alminiyam, ƙarfe, kalsiyam na siminti, burbushin birki da taya. Yawancinsu hanci da maƙogwaro na tare su. Ƙananan kuwa 'ya'yan wuta ne: kunkunniyar dizal da itace, ragowar man da bai ƙone ba, dalma a zamanin da ake zuba ta a fetur, da gishirin farar wuta da na naitirojin waɗanda ke haɗuwa a sararin sama bayan hayaƙi ya tashi. Sai an jera kusan 30 daga cikinsu kafin su kai kaurin silin gashi, shi ya sa suke wucewa har can ƙuryar huhu.

Amurka ta koma auna PM10, wato ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikiromita 10 ba, a 1987. A 1993 binciken Jami'ar Harvard kan birane shida ya gano mace-mace a birnin da ya fi gurɓata sun zarce na mafi tsabta da kashi 26 cikin 100, kuma ƙananan ƙwayoyin ne suka fi tafiya da wannan bambanci. PM2.5, wato ƙananan ƙwayoyin da ba su wuce maikiromita 2.5 ba, ya shiga dokar Amurka a 1997. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage mizaninta na shekara na PM2.5 daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska.

Abin da ke damuna shi ne a Kano ko Maraɗi, da an yi zancen iska sai a ɗora wa hunturu. Gaskiya ne ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana cika ma'auni, tana kuma tayar da asma. Amma ita wata uku zuwa huɗu take yi ta tafi. Janaretan da ke tsuwa a bakin shago, bolar da aka cinna wa wuta da magariba, tayar da ake babbaka da ita, da murhun da uwa ke hurawa da goyo a bayanta, su ba su da lokaci. Ƙaramar na'urar auna ƙura da ake kafewa a bango lamba kawai take bayarwa. Sai an kai takardar tacewa ɗakin bincike ake sanin nawa ne yashi, nawa ne kunkunniya.